Imarar Masu Iyali

Asabar, 5 ga Rabi'ul Awwal 1396, bayan La'asar

Takarda ta zo daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Hannun Abdulwahid ne, ƙanen matata Mastura. Wani ma'aikacin jirgin Bur Sudan ya kawo mini ita shago a Bab Makka, nan Jidda, ina tsakiyar sa wa rigar wani Balarabe Bahadrame wuya. Na karanta a tsaye. Na linke ta, na tura ƙarƙashin keken ɗinki, na gama wuyan. Har maɓalli na sa. Mai riga ya ce aiki ya yi kyau, na ce masa mun gode.

Wannan littafin awon mutane ne, kafaɗa da hannu da tsawo. Shafukan baya babu komai, shi ya sa nake rubutu a nan. Ba ni da wanda zan gaya wa.

Lahadi, bayan Asuba

Ran Alhamis sha takwas ga Safar, in ji takardar. To ni ran nan me nake yi? Na tuna sarai. Kifi na soya ya ƙone, na zauna ina ta mita ni kaɗai, wai wata biyu ta ce za ta yi, ga wata biyu ya cika babu ko saƙo. Kwana goma sha shida ke nan ina ci ina sha ina jin haushinta, ban sani ba.

Tsohuwar da Mastura ta tafi jinyarta ta miƙe, har bakin kogi take zuwa da ƙafarta. Haka ya rubuta a farko. Layi huɗun da ke ƙasa ba zan sake karanta su ba.

Ban raka ta tashar jirgin ruwa ba ranar da ta tafi. Aiki ya yi mini yawa. Kuma akwai maganar da na faɗa mata a bakin ƙofa.

Litinin, 7 ga wata, bayan Magariba

Shekara biyu da rabi ina wuce takardar nan da ke cikin gilashi a gindin matattakala, ban taɓa tsayawa ba. Yau na tsaya, na sa tabarau.

Imarar nan, wato benen da muke haya, hawa uku ce, shigga shida, kowace sashe ne mai ɗakuna da falo, masu ita mutum biyar. Kowa da shiggarsa, ya zauna ko ya ba da haya. Amma ƙofa ɗaya ce, matattakala ɗaya, tankin ruwa ɗaya, saman bene ɗaya inda mata ke shanya suna hira ba lulluɓi. Shi ya sa suka taru gaban umda, wato mai unguwa, suka rubuta sharuɗɗa. Na farko, ba a ba azzabi haya, wato namijin da babu mace a ɗakinsa. Na biyu, ba a sauke alhazai lokacin aikin hajji. Mai shiggar da ya saɓa, a rufe masa ruwa daga tanki, a kai sunansa wurin umda. A ƙasa sa hannu huɗu da dangwalen yatsa ɗaya. Dangwalen na Hajiya Rahamatu ne, mai shigga ta biyar, wadda nake ciki.

Na bi layi-layi ina neman inda aka ce sai dai wanda kaza ya same shi. Babu. Takardar ba ta san tuzuru daban, gwauro daban ba.

Ina nan tsaye Ammi Abdulghani ya fito, Ammi wato baffa. Shi ne babba a cikin masu imara, a ƙasa yake, makullin tanki a aljihunsa. Ya gaishe ni da fara'a, ya kira ni Usta yadda suke kiran mai sana'a, ya tambaya yaushe iyali za su dawo. Na ce ƙarshen wata in sha Allahu. Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya faɗa, ni kuma na bi shi. Ya ce a gaishe su in na rubuta.

Talata

Ban buɗe shago ba. Na ce baya ke ciwo.

Laraba, 9 ga wata, bayan Azahar

An ƙwanƙwasa, na buɗe, kwano a ƙasa. Shinkafa da miyar kuka. Saudatu ce, matar Mahmudu, ƙofarsu na kallon tamu. Tun da Mastura ta tafi ba ta fasa ba, Laraba da Asabar. Haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci, cikinta ya tsufa, uwarta kuma ta daɗe da rasuwa. Mastura ce ta zame mata uwa a nan, Khala take kiranta, wato inna.

Ta yi magana ta bayan ƙofarta, ba ta buɗe ba.

“Baba, in ka rubuta wa Khala ka ce yalla ta yi sauri. Wallahi ni ba zan haihu ba sai ta zo. Kuma kada ta manta da humrata.”

Na ce to. Humra ce turaren nan na matan Sudan da ake haɗa wa mai jego, Mastura ta yi mata alkawari za ta sa a haɗa mata a can.

Ba a mayar da kwano babu komai, haka Mastura ta koya mini. Na zuba dabino na ajiye mata a ƙofa. Shinkafar tana nan har yanzu, na ci cokali uku.

Alhamis, da hantsi

Na tambayi kaina, Na'ibi, me kake yi haka? Ɗaki ne fa, bulo da siminti, kuma ba naka ba.

To amma shekara goma sha ɗaya muka yi a unguwar Karantina cikin ɗakin langa-langa, zafi ya gasa mu, ruwan sama ya shiga mana har gado. Ita ta nemo shiggar nan da ƙafarta. Ita ta bi Hajiya Rahamatu har ta yarda, ni ina ta cewa mun fi ƙarfinmu. Takalminta na wanka yana bakin banɗaki. Matajinta yana kan taga da gashi a jiki. In na buɗe akwatin kayanta ƙamshinta ne ke fitowa, shi ya sa ba na yawan buɗewa, kada ya ƙare.

Inda aka sa ta yana can ƙetaren teku, iƙamata kuma, takardar izinin zama, a hannun kafilin da ya tsaya mini take, ba ranar da zan ga wurin. Ba mu da ɗa ko ɗaya. In aka fitar da ni daga nan, ban san inda zan je in ce nan ta zauna ba.

Juma'a, 11 ga wata, bayan sallah

An kawo gawa masallaci, wani da ban sani ba. Na shiga sahu na sallace shi, amma ba shi ne a raina ba, Allah ya yafe mini.

Shekara goma sha huɗu ta yi a garin nan. Ta yi wa matan Karantina wankan jego, ta yi musu zaman makoki, ta dafa musu abincin biki. Har yau ba mutum ɗaya a Jidda da ya buɗe baki ya roƙa mata rahama, kuma ni na hana. Uku ta wuce, bakwai ta wuce. Na sayi gurasa na rarraba a bakin Bab Makka. Wata tsohuwa ta riƙe hannun rigata ta ce sadakar wa, ta sa suna a addu'a. Na zare hannuna na wuce.

Asabar

Kwana ashirin da uku. Kwano ya zo.

Litinin, 14 ga wata, bayan Magariba

Na yi wauta yau, ina yi ina sani. Mahmudu ya tare ni a matattakala, ya ce Saudatu ta hana shi sakat da zancen humra, ko akwai labari? Na ce ai kuwa ta aiko, tana shago. Da na faɗa sai ya zama dole a same ta. Na je wurin matar nan mai zama da kwalabe a inuwar ƙofar Bab Makka, na sayi babbar kwalba, na naɗe ta cikin ƙyallen da na yanka daga tsohon zanen Mastura, na kawo.

Ina jin Saudatu ta bayan bango tana murna, tana cewa Khala ba ta manta da ita ba. Na kunna rediyo na ƙara murya.

Talata

Abdulghani ya ce saura mako biyu ke nan. Na ce eh.

Alhamis, 17 ga wata, bayan Azahar

Saudatu ta sauka da hantsi, mace. Ba ta jira ba, ba a jira. Mata sai hawa da sauka suke, duk wadda ta zo ƙofarmu sai ta rage murya ta ce wa 'yar'uwarta kash, Mastura ba ta nan. Na yi wa Mahmudu barka na gudu shago.

Lahadi, 20 ga wata, bayan La'asar

Hajiya Rahamatu ta zo shago. Ba ta taɓa zuwa ba. Tsohuwa ce mai jiki, gwiwa na damunta, a unguwar Sabil take zaune wurin ɗanta, shiggar nan kuwa ita ce abin da mijinta ya bar mata, da hayarta take ci ba ta roƙi suruka ba. Na ba ta kujera, na aika a kawo shayi. Ta bari har wanda ya kawo ɗinki da ke gabana ya tafi.

Ta ce ta je barka wurin Saudatu, an nuna mata humrar da aka aiko daga Sudan, ta shinshina. Ta ce humra kamar miya ce, kowace mace da hannunta.

“Na'ibi, wannan haɗin A'i ne mai zama a bakin ƙofar can. Shekara ashirin ina saye a wurinta. Kai namiji ne, duk ɗaya kake ji.”

Ta tambaya ko saki ne, ta ce in saki ne a gyara, ita za ta rubuta da kanta. Na girgiza kai. Ta dube ni ta daɗe. Na ɗaga keken na zaro takardar, na tuna ba ta karatu, na tsaya riƙe da ita kamar wawa. Ba sai na karanta ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, a cikin shago, mutane na wucewa.

Da ta natsu sai ta yi ta magana ƙasa-ƙasa, rabi da ni rabi da kanta. Kafin mu shiga, wata biyar shiggar tana rufe. Masu iyali masu hali sun fi son sababbin gine-ginen unguwar Sharafiyya, marasa hali ba su iya hawa nan. Samarin kamfanoni kuwa layi suke yi mata, ba ta da ikon ba su. Ta ce abu nata, gumin mijinta, amma sai mutum huɗu sun yarda kafin ta sa wanda take so. Ta ce ba ta taɓa samun mai haya irina ba, ko ƙusa ban kafa ba sai na tambaya.

Da za ta tashi ta ce ita ba ta zo nan ba, ba ta ji komai ba. Ta kai bakin shago ta dawo. Ta sunkuyo ta faɗi addu'ar nan da ake yi wa wanda ya tafi, a hankali, don kada maƙwabcina mai takalma ya ji. Shi ne karo na farko da kunnena ya ji wani ya faɗa. Na kasa cewa amin da ƙarfi, sai da kai.

Yanzu mu biyu ne. Ban ji sauƙi ba, na ja tsohuwa cikin ƙaryata.

Talata

Kwana talatin da uku. Na share ɗaki, na goge taga, na mayar da matajin inda yake.

Alhamis, 24 ga wata, da hantsi

Suna.

Bayan Asuba muka taru a falon Mahmudu, mu wajen ashirin, goro da dabino a faranti. Aka zaunar da ni kusa da malam, wai ni ne kamar kaka. Abdulghani yana damana. Mahmudu ya raɗa wa malam, malam ya ɗaga murya ya ce sunan yarinya Mastura.

Mahmudu ya dube ni yana dariya. Ya ce ɓoye mini suka yi, Saudatu ta ce in Khala ta dawo ta tarar da takwara tana jiranta, ta san dole ta fito da zannuwa. Aka yi dariya. Malam ya ɗaga hannu, ya roƙi Allah ya raya yarinya, ya ba ta halin takwararta. Ya ce takwarar kuma tana kan hanya, Allah ya dawo da ita ɗakinta lafiya, ya haɗa ta da mijinta cikin alheri. Mutum ashirin suka ce amin. Abdulghani ya fi kowa ƙarfin murya, har ya dafa gwiwata.

Hannuna a sama, bakina a rufe. Na ga abin da na yi. Na sa salihan mutane, da alwalarsu, suna roƙon Allah ya dawo da ita daga inda ba a dawowa, abin da take bukata kuwa na hana su roƙa mata. Saboda ɗaki biyu da falo.

Ban tsaya cin nama ba. Na tsallaka zuwa ƙofarmu, taku uku ne, na rufe, na zauna a ƙasa. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro.

Juma'a, 25 ga wata, bayan La'asar

Mastura ta rasu. Matata ta rasu a Mai Wurno ran sha takwas ga Safar. Ga shi na rubuta.

Haka na faɗa musu, a gindin matattakala, muna dawowa daga masallaci, Abdulghani da Mahmudu. Na ce yau kwana talatin da shida, kuma na sani tun biyar ga wata. Mahmudu ya jingina da bango. Abdulghani ya yi salati, ya maimaita. Bai tambaye ni dalili ba, ga dalilin nan a bayana cikin gilashi, na ga ya kalle shi ya kawar da ido, sannan ya ce mini:

“Mako uku kana hawa kana sauka ta ƙofata da wannan a cikinka, ya Usta? Mu ba mutane ba ne?”

Mahmudu ya hau sama. Ba a daɗe ba muka ji Saudatu. Ba zan kwatanta ba.

Lahadi, 27 ga wata, da safe, a shago

A nan nake kwana, bayan keke, domin shigga ta cika da mata.

Abdulghani ne ya yi komai. Shi ya sa aka jera kujeru a titi layi biyu, aka ja fitilu, aka kawo masu gahawa, yadda mutanen nan suke yi. Daga Magariba zuwa Isha'i yana tsaye a gefena yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwana. Da farko matan imara sun tsaya cirko-cirko a matattakala, babu macen da za ta karɓe su, ba kuma za su shiga ɗakin namiji ba. Sai ga Hajiya Rahamatu ta hau hawa ukun nan da gwiwarta, tana hutawa a kowane hawa, ta shimfiɗa tabarma a falo ta zauna. Ta ce ita ce uwar mamaciya.

Mutanen Karantina sun zo, mota-mota. Wasu ban gane su ba. Wata ta aiko a gaya mini Mastura ce ta karɓi 'ya'yanta huɗu. Kowa ya riƙe hannuna ya ce Allah ya jiƙanta, ya haƙuri. Na soma ƙirgawa a raina, na ɓata a wajen saba'in. Na yi kuka a gaban maza, ban damu ba. Na yi barci jiya har sai da ladan ya tashe ni.

Talata, 29 ga wata

Arba'in. An dafa shinkafa da rago, an kai masallaci, an kai Karantina. An faɗi sunanta da ƙarfi.

Kwano bai zo ba tun ran Juma'a. Mahmudu ya ce ba za su canja sunan yarinya ba, amma Saudatu ta zubar da humrar a banɗaki. Ya ce in ba ta lokaci. Tana da gaskiya.

Juma'a, 2 ga Rabi'us Sani, bayan La'asar

Masu imara sun zauna a falon Abdulghani. Ba a kiran mai haya. Na bar ƙofata a buɗe, muryar Hajiya ce kawai ke hawowa, sauran ƙus-ƙus. Sa'a guda da rabi.

Ba ta iya sake hawa ba, ni na sauka na same ta a bakin titi tana jiran tasi. Ta ce ta gaya musu mutum ne mai shekara hamsin da uku, ya fita da Asuba ya dawo da Magariba, bai taɓa ɗaga ido ya kalli 'yar kowa ba. Duk sun yarda. Suka ce ba Usta Na'ibi ne matsalar ba, wanda zai zo bayansa ne. In an buɗe wa ɗaya, gobe mai shigga ta uku zai kawo samari huɗu ya ce su ma salihai ne, mata kuma su daina hawa sama shanya. Wani ya ce ai abu mai sauƙi ne, ya yi aure kafin ƙarshen wata magana ta mutu. Hajiya ta ce ta tambaye shi ko mace labule ce da ake ratayawa don maƙwabta.

Abin da ya kashe bakinta, Abdulghani ne. Shigga ta biyu tasa ce, shekara guda tana kulle. Ɗansa Hamad, mai shekara talatin, yana kwana a ɗakin baƙi a gidan ubansa, an hana shi ita sai ya yi aure. Ya ce wanda ya hana ɗan cikinsa, da wane baki zai ba wani? Ta ce to in ta ƙi fa? Sai mai shigga ta huɗu ya ambaci ruwa.

Ta ɗaga mini babban yatsanta. Ta ce lokacin da aka rubuta takardar ita ke zaune a shiggar da 'yan matanta uku, kuma ita ta fi kowa matsa wa a rubuta. Tasi ta zo, na buɗe mata ƙofa.

Asabar, bayan Asuba

Da ni ne na mutu, da ba mai taɓa ta. Wata huɗu da kwana goma za ta zauna takaba a ɗakin nan, matan imara su yi ta kawo mata abinci, wanda ya ce ta tashi kuma a ce ba shi da imani. Ni namiji ne, ba ni da takaba. An ba ni kwana uku na kujeru da gahawa, halas, wai na warke.

Haushi nake ji yau, kuma ban san wa zan ji wa ba. Na nemi mugu ɗaya a cikinsu na rasa.

Litinin, 5 ga wata, bayan Magariba

Abdulghani ya hau da kansa. Na ce ya shigo, ya ce a'a, nan ma ya isa. Ya ce takarda kwana goma sha biyar ta ba da, amma ya roƙi sauran an bar ni har ƙarshen wata. Ya ce in yafe masa. Na ce ba abin yafewa, ni na yi masa ƙarya.

Yana riƙe da yadi fari a hammata. Wai riguna biyu yake so, kuma ba ya son hannun kowa sai nawa. Na ɗauko tef na auna shi a nan bakin ƙofa. Kafaɗa sha takwas, hannu ashirin da huɗu, tsawo hamsin da bakwai. Yana gaban littafin nan.

Alhamis

Na kai kayanta Karantina, akwati biyu, aka raba wa mata. Na bar zane ɗaya.

Asabar, 10 ga wata, bayan Azahar

Ubale mai goro ya ce akwai gado a ɗakinsu a unguwar Balad, su uku ne, ni na huɗu. Tsohon gida ne, matattakalar tana rawa, kowa da ƙusarsa ta rataya riga. Na je na gani. Duk gwauraye ne, matansu na Kano da Damagaram, suna ta zolayata wai sun samu tela a gida. Na yi dariya don kada su ji babu daɗi. Gado da kujeru ba za su shiga ba, na bar wa Hajiya.

Laraba

Na ji kukan jaririya ta bango, na ji uwar tana kiran sunan tana lallashi. Na ajiye cokali na saurara har ta yi shiru.

Lahadi

Ba komai.

Alhamis, 22 ga wata, bayan La'asar

Hajiya ta samu masu so, Allah ya taimake ta ba ta jira wata biyar ba. Malam Bello ne, akawu a wani kamfanin jiragen ruwa, bai daɗe da kawo matarsa daga Sakkwato ba. Sun zo ganin wuri. Tunda da mace, na ba shi makulli na fito na zauna a matattakala.

Ina jinsu. Ta buɗe taga ta rufe, ta ƙwanƙwasa bango, ta tambayi ina alƙibla. Ta yi dariya a kan wani abu da ya faɗa. Wata huɗu ke nan rabon da in ji muryar mace ita kaɗai tana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki a can ciki, tana magana da mijinta ba tare da ta juyo ba. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafata.

Can ya leƙo ya ce a yi haƙuri sun tsayar da ni, yanzu za su fito. Na ce su duba da kyau, ba sauri nake ba. Ya koma, ya sake leƙowa yana murmushi. Ya ce mai ɗakinsa ce ke tambaya, wa ya kafa katakon jera tukwane ƙasa-ƙasa haka? Duk gidan da suka duba sai ta yi ɗage, wannan kuwa daidai hannunta.

Na ce ni ne. Sau biyu na sauke shi kafin ya yi daidai.

Ya ce to kada in cire, suna so.

Na ce ba zan cire ba.